Taliya Mai Yajin Tako: Abincin Daren Iyali a Amurka

 Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin karatun dare cikinsa yana ƙugi ya san gaskiyar wannan magana. Saboda haka ina fata ba za ku ce na ɓata muku shafi ba don na kawo zancen tukunya a wannan mujalla tamu.

Abincin da zan yi bayani a kansa ba namu ba ne. Na ƙasar Amurka ne, can aka haife shi, can kuma iyaye suke dafa wa 'ya'yansu shi da dare bayan an taso daga aiki. Ana kiransa taliya mai yajin tako. In mutum ya bi sunan, sai ya zaci rabinsa na Meksiko ne rabi kuma na Italiya, tun da yake tako abincin mutanen Meksiko ne, taliya kuwa ita ce tuwon mutanen Italiya. Amma da za a zuba kwano guda a ajiye a gaban wata tsohuwa a birnin Meksiko, a ajiye wani a gaban wata a birnin Nafoli, da kowaccensu ta leƙa ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Kuma dukansu da gaskiyarsu. Uwar wannan abinci ita ce matsuwar da iyali suke shiga in lokaci ya yi kaɗan, kuɗi ya yi kaɗan, bakuna kuwa da yawa. Wanda ya gane haka, zai gane dalilin kowane abu da ake yi a cikin tukunyar.

Bari mu fara da tako ɗin kansa. A kudancin ƙasar Meksiko aka fara noman masara a duniya, yau kimanin shekara 9,000 ke nan. Masarar nan da muke gasawa da damina, da barkono da tattasai da attaruhu da tumatir, duk daga waccan nahiya suka bazu cikin duniya bayan jiragen Turawa sun isa can a shekarar 1492. To, mutanen Meksiko ba su niƙa masara haka nan kawai. Sai sun dafa ta da ruwan farar ƙasa ko na toka, sun bar ta ta kwana a ciki, sun wanke, sa'an nan su markaɗa ta ta zama ƙulli mai danƙo. Daga wannan ƙulli ake yin wata 'yar waina faffaɗa marar kauri, kamar faɗin tafin hannu ko ta ɗan fi, a gasa ta a kasko ba tare da mai ba. Sunanta totiya. Wannan jiƙo da ruwan toka ba don daɗi kaɗai ake yinsa ba, yana kwance wani sinadarin gina jiki da ke ɗaure a cikin masara, mai suna nayasin. Mutanen da suka ari masarar ba su ari dabarar ba, kamar talakawan arewacin Italiya da na kudancin Amurka a zamanin da, sun sha fama da wata cuta mai suna felagira, wadda take ɗaye fata, ta kawo gudawa, har ta taɓa hankali.

Tako kuwa ba wani abu ba ne illa totiya da aka ɗora wa ɗan nama ko kifi ko wake, aka barbaɗa yankakkiyar albasa da ɗanyen ganye mai ƙamshi, aka zuba miyar barkono, aka matsa lemon tsami, aka naɗe, aka ci da hannu, sau da yawa ma a tsaye a bakin titi. Wani malamin tarihi, Jeffrey Pilcher, wanda ya rubuta littafi guda a kan tako a 2012, yana ganin mahaƙan azurfa na ƙarni na 18 ne suka ba shi sunan, domin haka suke kiran 'yar takardar da suke naɗe albarushi a ciki su cusa a dutse don su fasa shi. In kuwa haka ne, sun iya raɗa suna, domin wani takon in ka gatsa sai ka ji kamar an fasa dutse a bakinka.

Yanzu sai ku lura da wani abu. Zuciyar tako ita ce totiyar masara, taliyar da muke magana a kai kuwa babu totiya ko ɗaya a cikinta. Abin da ta ɗauko daga tako shi ne yajin kawai. Yajin ma in an bi salsalarsa, ya fi kusa da Teksas bisa ga Meksiko.

Ga yadda abin ya faru. Teksas yankin Meksiko ce har zuwa 1836, ta shiga cikin Amurka a 1845, sa'an nan a 1848, bayan an gwabza yaƙi, Meksiko ta sallama wa Amurka Kalifoniya da wasu manyan yankuna. Watau iyaka ce ta tsallake mutane, ta bar su a wata ƙasa da tukwanensu da barkononsu. A garin San Antoniyo, tun daga wajen shekarun 1880, mata 'yan asalin Meksiko sukan kafa tebura a dandalin gari da yamma, suna sayar da wani farfesun nama mai kauri da ake kira cili kon karne, ma'ana barkono da nama. Har laƙabi aka yi musu, sarauniyoyin barkono. Sun ci kasuwarsu har ƙarshen shekarun 1930, lokacin da hukumar lafiya ta garin ta tashe su. A cikin masu sha'awar irin wannan girki akwai wani Bajamushe, William Gebhardt, mazaunin wani gari da ke kusa. A shekarun 1890 ya shiga niƙa busasshen barkono yana haɗawa da kayan ƙamshi yana ɗurawa a kwalba yana sayarwa, don wanda bai iya sarrafa barkonon Meksiko ba ya samu ɗanɗanon a sauƙaƙe, ko da wane lokaci na shekara. Cikin kayan ƙamshin nan babba shi ne kumin, wasu 'yan ƙwayoyi ne dogaye masu ruwan ƙasa, ƙamshinsu mai nauyi kamar na hayaƙi. Kumin ba ɗan Meksiko ba ne, mutanen Sifen ne suka kai shi, yadda suka kai shanu da alkama da cuku bayan sun ci daular Aztek a 1521. A tsakiyar Meksiko ɗan kaɗan ake sa shi, a Teksas kuwa da hannu sake ake zuba shi. Wasu marubuta suna danganta wannan da iyalan da suka taso daga tsibiran Kanari suka zauna a San Antoniyo a 1731.

Wanda ya kai tako lungu-lungu na Amurka kuwa shi ne Glen Bell. Yana da 'yar rumfar sayar da abinci a garin San Banadino na Kalifoniya, daura da wani gidan abinci na iyalin 'yan Meksiko mai suna Mitla. Ya ga yadda jama'a suke layi a can, ya koyi abin da ya koya, ya shiga sayar da tako mai soyayyiyar totiya ƙamas-ƙamas, cike da niƙaƙƙen nama da ganyen latas da gurzajjen cuku. A 1962 ya buɗe Taco Bell na farko a garin Dawuni. Daga nan Ba'amurke da bai taɓa taka Meksiko ba ya ɗauka cewa tako shi ne niƙaƙƙen naman sa da kumin da jan yaji da cuku rawaya. Kamfanoni kuma suka shiga ƙunsa yajin a 'yar takarda, yawanci giram 28, daidai abin da zai ishi fam ɗaya na nama, watau giram 454. Da zarar yaji ya shiga takarda, ai ya rabu da totiya ke nan. Kowa yana iya zuba shi inda ya ga dama, a miya, a shinkafa, ko a taliya.

Ita taliya labarinta bai da tsawo. Tsakanin 1880 da 1924 mutanen Italiya sama da miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka tafi da makaroninsu da sufagetinsu. Abinci ne mai araha, ba ya lalacewa in an ajiye, yara kuma suna sonsa. A 1937, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, kamfanin Kraft ya fito da kwalin makaroni da garin cuku a kan senti 19. A 1971, da nama ya yi tsada, kamfanin General Mills ya fito da Hamburger Helper, kwali ne mai taliya da garin miya a ciki, wanda in aka haɗa shi da fam ɗaya na niƙaƙƙen nama a kasko guda sai ya ciyar da gida. A cikin shekarun nan kuma mata suna ta fita aiki. A 1950 kimanin kashi 34 cikin 100 na matan Amurka ne suke cikin ma'aikata, a 1999 suka kai kashi 60. Uwa ta dawo gida ƙarfe shida na yamma a gajiye, uba ma haka, babu kishiya, babu 'yar aiki, babu kaka a tsakar gida, yara suna jiran abinci, ga aikin makaranta yana jiransu. Abin da irin wannan gida yake bukata shi ne girkin da zai ƙare cikin rabin sa'a, a tukunya ɗaya, don wanke-wanke ma kada ya yi yawa. Taliya mai yajin tako jikar waɗancan kwalaye ce, sai dai ita da hannu ake haɗa ta.

Don kada in yi wa mutanen Meksiko rashin adalci, su ma suna da tasu taliyar tun da daɗewa. Sukan soya siririyar taliya a mai har ta yi ja, sa'an nan su dafa ta a ruwan tumatir har ruwan ya tsotse. Suna kiranta sofa seka, watau busasshiyar miya. Amma wannan dabam, waccan dabam.

To, mu shiga madafa. Wanda ya taɓa yin dafa-dukan taliya ya riga ya san rabin aikin. Don gida mai mutum biyar ko shida, ana bukatar niƙaƙƙen naman sa giram 450, albasa babba guda, tafarnuwa ƙwaya uku, gwangwanin yankakken tumatir mai giram 400, taliya giram 250, romon nama ko na kaza rabin lita, da gurzajjen cuku kamar giram 150. A Amurka da yawa sun fi son gwangwanin Ro-Tel, wanda aka fara yi a Teksas a 1943, domin tumatir ne haɗe da koren barkono. Wanda bai samu ba, ya yanka ɗanyen tumatir huɗu ko biyar da koren tattasai guda, ya wadatar.

Irin taliyar da za a zaɓa ba abin wasa ba ne. An fi so a sami gajera mai rami, kamar mai siffar ƙoƙon katantanwa, ko murɗaɗɗiya, ko makaroni mai lanƙwasa, saboda nama da miya su sami wurin maƙalewa, kowane cokali ya ɗauko komai da komai. Doguwar sufageti takan bar naman a gindin kwano, yaro ya cinye taliya ya bar nama, ko kuwa ya tsince nama ya bar taliya. Kuma a sami ta kanti, wadda aka yi da alkamar durum mai tauri. Taliyarmu 'yar murji tana da daɗinta da mai da yaji, amma in ta yi minti goma sha biyar a cikin miya sai ta koma kunu.

Da farko a ɗora tukunya mai faɗi da kaurin gindi a wuta mai ƙarfi, a zuba mai cokali ɗaya, in ya yi zafi a baza naman a ciki. Nan ne mutane da yawa suke kuskure, su kama juyawa tun naman bai taɓa tukunya da kyau ba. A'a, a ƙyale shi minti uku ko huɗu har gefen da ke ƙasa ya yi ja sosai, sa'an nan a farfasa shi da ludayi. Wannan ja da nama yake yi shi ne asalin ƙamshin tsire da balangu, kuma wani masanin Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda yake faruwa tun 1912: zafi ne yake haɗa sinadaran gina jiki da ɗan sukarin da ke jikin naman, su haifar da ƙamshi iri-iri. Amma abin ba ya yiwuwa sai fuskar naman ta bushe. In aka cika tukunya ƙwarai, ko wuta ta yi sanyi, naman zai fitar da ruwa ya dahu a cikinsa, ya fito fari-fari ba armashi. In kitse ya taru da yawa a kwashe, a bar kamar cokali biyu.

Sai a zuba albasa ta yi laushi, a bi ta da tafarnuwa. Daga nan a zuba yajin a kan naman, a juya minti ɗaya kafin ruwa ya shiga. Dalili shi ne ƙamshin kumin da zafin barkono a cikin mai suke narkewa. In aka bari sai an tsaida ruwa sa'an nan aka watsa yajin, zai yi ta yawo a sama, a ji gari-gari a harshe. Amma minti ɗaya ne fa, kada a tafi hira, don garin tattasai in ya ƙone ɗaci yake yi.

A nan ne zan tona wa kaina asiri. Wata yayata da ta zauna a Teksas ita ta rubuto mini yadda ake haɗa yajin a gida: garin barkono babban cokali ɗaya, kumin ƙaramin cokali ɗaya da rabi, garin jan tattasai ƙaramin cokali ɗaya, garin tafarnuwa da na albasa da masoro da busasshen ganyen oregano rabi-rabin ƙaramin cokali, gishiri ƙaramin cokali ɗaya. A dogon hutun da ya wuce na ce bari in burge mutanen gida. Na buɗe gwangwanin barkonon Inna, na cika babban cokali har da tozo, na zuba. Rashin sani ya fi dare duhu. Da aka zauna ci, Baba ya kai loma ɗaya ya miƙa hannu wajen moɗa bai ce komai ba. Ƙanena kuwa hawaye na zuba ya dube ni ya ce, "Yaya, laifin me muka yi miki?" Ashe abin da Amurkawa suke kira garin barkono ba irin namu ba ne. Haɗi ne irin na Gebhardt, wanda akasarinsa wani faffaɗan busasshen barkono ne mai sanyi da ake kira anco, ɗan'uwan tattasai. Akwai ma'aunin zafin barkono da wani mai haɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. A wannan ma'auni anco bai wuce 2,000 ba, halafenyo da suke tsoro yana tsakanin 2,500 da 8,000, dangin attaruhu kuwa sukan kama daga 100,000 har 350,000. Saboda haka wanda zai yi wannan girki da kayan kasuwarmu, ya sa garin busasshen tattasai a madadin wancan babban cokali, barkono kuwa ɗan kan cokali ya isa, in ya so mai son zafi ya ƙara a kwanonsa. Abin da ya ceci abincin daren nan shi ne kindirmo da Inna ta sa aka kawo. Ruwa ba ya kashe zafin barkono, sai dai ya baza shi a baki, amma nono yana da wani sinadari da yake kama shi ya wanke shi daga harshe. Shi ya sa Amurkawa suke ɗora cokalin kirim mai tsami a kan irin wannan abinci.

Mu koma tukunya. Bayan yaji ya soyu, a juye tumatir da romo, a kankare gindin tukunyar da ludayi don jan da ya kama ya narke a cikin miya, ai daɗin yana nan. In ya tafasa a zuba taliyar ɗanya, a danna ta ta nutse, a rufe, a rage wuta. Za ta ɗauki minti 12 zuwa 15, watau ta ɗan wuce abin da aka rubuta a jikin ledarta, domin ruwan kaɗan ne kuma tafasar a hankali ce. Kowane minti uku ko huɗu a buɗe a juya har ƙasa, in ba haka ba za a sami ƙanzo. In ruwa ya ƙare taliya ba ta yi ba, a ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a dafa taliya dabam a tsane, kamar yadda aka saba? Ana iyawa, wasu ma haka suke yi. Amma dafa ta a cikin miya yana da riba biyu ban da ragin wanke-wanke. Taliya tana shan ruwa kamar nauyinta ko fiye in tana dahuwa, to gara ta sha romo mai yaji da ta sha ruwan banza. Sa'an nan sitacin da take saki, wanda da a kwata za a zubar da shi, shi ne yake ɗaure miyar ta yi kauri ta manne a jikinta. A ganina wanda ya tsane taliyar ya zubar da rabin dabarar girkin. A sauke tun tana da ɗan ƙarfi a tsakiya in an tauna, kuma tun da sauran ɗan ruwa-ruwa, domin zafin tukunya zai ci gaba da aiki bayan an sauke.

Cuku shi ne na ƙarshe, kuma sai an kashe wuta. Wanda suka fi amfani da shi sunansa ceda, asalinsa daga Ingila. In aka zuba shi miya tana tafasa, sai ya tsinke, mai ya taso sama, sauran ya dunƙule kamar danƙo. A zuba shi hannu-hannu ana juyawa, ya narke da zafin da ya rage, a rufe minti biyu ko uku. Kada wani ya ce zai sa cukun Abzin a madadinsa, shi busasshe ne, ba ya narkewa. In ceda bai samu ba, ludayi guda na kindirmo mai kauri, bayan tukunya ta ɗan huce, ya fi komai kusa.

Na ce wannan abinci ɗan matsuwa ne, kuma babu inda hakan ya fi fitowa kamar wajen nama. Giram 450 in aka gasa shi, mutum biyu za su tashi da shi. A cikin wannan tukunya kuwa ya ishi shida. In baƙi sun faɗo, ko wata ya yi nisa, uwar gida takan buɗe gwangwanin baƙin wake da na tsabar masara ta juye a ciki, tukunya ta ƙara cika. Wasu ma sukan raba naman biyu su cike gurbin da wake, su ajiye rabin don gobe. Ba a yi asara ba, domin wake da alkama in suka haɗu kowanne yana cike abin da ɗan'uwansa ya rasa na gina jiki, kuma wake da masara su ne abincin mutanen Meksiko tun kafin su ga saniya. Farin wakenmu ma yana yi, muddin an dafa shi dabam ya yi laushi tukuna, don wake ba ya nuna da wuri a cikin tsamin tumatir.

Akwai abubuwa biyu da sauri yake jawowa waɗanda ya kamata in faɗa, ko da ba su da daɗin ji. Na farko gishiri. Yajin takarda yana da gishiri da yawa, romon kanti ko dunƙule yana da shi, tumatirin gwangwani da waken gwangwani suna da shi, cuku ma haka. Kowanne shi kaɗai ba laifi, amma in suka taru a tukunya ɗaya sai kwano guda ya cinye babban rabo na abin da ya kamata mutum ya ci a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, watau ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, saboda hawan jini. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na fi son a haɗa yajin a gida, inda mai girki ne yake riƙe da cokalin gishiri. Waken gwangwani kuma a ɗauraye shi kafin a zuba, kada kuma a ƙara gishiri sai an ɗanɗana bayan cuku ya shiga.

Na biyu ya fi haɗari. Niƙaƙƙen nama ba kamar tsoka ba ne. A tsoka ƙwayoyin cuta a bayanta suke, wuta tana taɓa su suna mutuwa. In aka niƙa kuwa, an cuɗa na waje sun shiga ciki, kuma a manyan masana'antu ƙunshi ɗaya yana iya haɗa naman shanu da yawa. A 1993, a jihohin yammacin Amurka, mutum sama da 700 suka kwanta, yara huɗu suka rasu, saboda cin niƙaƙƙen naman da bai gasu sosai ba a wasu gidajen sayar da abinci. Ƙwayar cutar wani mugun nau'i ne na wadda ake kira i-kolai, mai lalata ƙodar yara. Ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta ce a dafa niƙaƙƙen nama har zafin cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas. A wannan girki namu, in an soya naman sa'an nan ya yi kwata na sa'a yana tafasa tare da taliya, ya wuce haka. Inda ake samun matsala shi ne ɗanɗana nama tun yana rabin soyuwa, da yanka tumatir ko latas na ci ɗanye a kan katakon da ɗanyen nama ya taɓa, da hannun da ba a wanke da sabulu ba.

Wajen ci, a nan ne abincin yake ɗan tuna wa mutum da tako. Ba a rarraba shi a madafa. Tukunyar ake kawowa tsakiyar tebur, a jera ƙananan kwanoni a gefe, wannan da yankakken tumatir, wannan da albasa mai lawashi, wannan da latas, wannan da kirim mai tsami, wannan da yankan lemon tsami, wannan da halafenyo don manya. Kowa ya ɗebi taliya ya ɗora abin da yake so. Yaron da ba ya son albasa ba a yi faɗa da shi ba, uban da yake son zafi bai ƙona bakin kowa ba. Wasu kuma sukan marmasa soyayyiyar totiya a sama don a ji ƙamas-ƙamas, ta haka masarar da aka kora ta ƙofa take dawowa ta taga.

Abin da ya rage kada a bar shi a tukunya ya kwana. A juye a mazubi mai murfi a sa a firiji kafin sa'a biyu ta cika, in ana tsananin zafi ma kafin sa'a ɗaya, kuma a cinye shi cikin kwana uku ko huɗu. Da safe za a tarar taliyar ta shanye sauran miyar ta daskare wuri ɗaya. A yayyafa mata ruwa ko madara cokali uku, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ta yi zafi ƙwarai ciki da waje. A gidajen Amurka da yawa ita ce ake zuba wa uba ko uwa a ɗan kwano su tafi da ita wurin aiki don abincin rana.